A Ƙasan Sheƙar Shamuwa

"Baba, tsanin na ce ka riƙe, ba sama na ce ka kalla ba," in ji Bilyana, tana laluben katakon da ke manne a bangon siton.

"Ina riƙe da shi. Tun ba a haife ki ba nake riƙe tsani," Stamen ya amsa daga ƙasa, hannu ɗaya a kan tsanin, ɗayan a aljihu. "Ke dai ki bi a hankali, kada babbar injiniyar birnin Sofiya ta faɗo kan buhun masara, mu rasa abin da za mu gaya wa kamfaninta."

Ta jawo akwatin da 'yar kwamfutar ke ciki, ta hure ƙurar da ta lulluɓe shi, ta sauko da shi a hammata. Can saman rufin, shamuwoyi na ta ƙwanƙwasa baki, kamar su ma suna da abin cewa a maganar.

Bara ne, lokacin da sanyi ya fara sakin gari, Malama Nevyana mai kula da ɗakin karatun ƙauyen ta tare Bilyana a bakin coci. Ta ce tunda sheƙar shamuwa mafi girma a garin tana kan siton gidansu, kuma tunda 'yar gidan ce ke rubuta manhaja a birni, ai babu dalilin da zai hana 'yan garin da ke Jamus da Sifaniya su riƙa ganin tsuntsayensu a waya kowace safiya. Malama Nevyana ce ta koya wa Bilyana karatu, don haka babu zancen a'a. A hutun ƙarshen mako guda aka kafa dogon ƙarfe a gefen rufin, aka ɗaura kyamara tana leƙo sheƙar daga sama, Bilyana ta zauna a kan ganga ta rubuta abin da za ta rubuta, ta koma Sofiya.

Abin ya yi aiki har ya wuce shekara. Sai a makon jiya shafin ƙauyen ya tsaya cak a kan hoto ɗaya, kuma bai tashi tsayawa ba sai a kan namijin shamuwar ya juya wa duniya baya, ya ɗaga wutsiya. Duk wanda ya buɗe waya da safe a can ƙasashen waje, da wannan ake gaishe shi. Kira ya yi ta shigowa gidan Stamen, har ya daina zuwa shagon shayi saboda tsokana.

Bilyana ta ɗora na'urar a kan gangar, ta haɗa ta da kwamfutarta. Ba ta daɗe tana dubawa ba ta dafe goshi.

"Ta mutu?" Stamen ya tambaya.

"Ba ta mutu ba. Cikinta ne ya cika."

"Da me? Ba mu ba ta komai ba."

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani. Kyamarar ba ɗaya bayan ɗaya take aiko hoto ba, kwararo su take yi kamar famfon da aka bari a buɗe. Abin da ta rubuta shi ne a riƙa tarar hoto guda daga kwararar lokaci zuwa lokaci, a zuba shi a fayil na wucin gadi, a yanko tsakiyarsa inda sheƙar take a aika shafin ƙauye, sannan a share fayil ɗin. To, ta buɗe fayil, ta zuba hoto, amma ta manta ta ce a rufe shi kafin a share. Wannan na'urar kuwa ba ta share abin da yake buɗe. Kullum sai ta ƙi, kuma ta ƙi a ɓoye, don Bilyana da hannunta ta rubuta cewa in an samu matsala a wannan wurin a wuce kawai, kada a damu kowa.

"Wato ƙofa kika bari a buɗe," in ji Stamen.

"Kusan haka."

"Tun kina 'yar firamare uwarki take fama da ke a kan ƙofar firji." Ya sosa gemu cikin jin daɗi. "Layi nawa kika manta?"

"Ɗaya."

"Ɗaya. Shekarun da kika yi a jami'a, ashe wannan layin ne ba su kai gare shi ba."

Tana shirin rama masa sai ƙarar keke ta shigo tsakar gida. Malama Nevyana ce, da hular rana da jaka a kwando. Ta gaida Stamen, ta sumbaci Bilyana a kumatu biyu, ta tsaya a kanta kamar yadda take tsayawa a aji in ana jarrabawa.

"Ya ake ciki, 'yata? Gobe ne bikin shamuwa, kuma ba zan tara mutane in nuna musu wutsiya ba."

Bilyana ta sake bayanin, wannan karon a taƙaice, tana jin kunnuwanta na zafi. Malamar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Tsaya. Kina nufin duk hotunan da aka ɗauka tun bara suna nan a ciki? Manyansu, ba 'yan ƙananan da ke zuwa shafin su ɓace ba?"

"Suna nan. Su ne suka cika ta."

"Ranar da suka iso, da ƙyanƙyashewa, da ranar da 'ya'yan suka fara tashi?"

"Duka. Har hunturu, da babu kowa a sheƙar."

Malama Nevyana ta haɗa hannuwa a ƙirji. "Ban taɓa ganin kuskuren da ya yi min daɗi kamar wannan ba, kuma na ga naki da yawa. Kada ki share ko ɗaya. Ki kwafe min su, gobe in sa su a babban allo su yi ta wucewa. Likita za ta zo, limamin coci zai zo, 'yan makaranta za su yi waƙa." Ta zaro fulash daga jaka ta ajiye a kan gangar. "Buɗe min ɗaya in gani."

Bilyana ta buɗe. Hoton ya cika allon, faffaɗa, ba kamar ɗan yankin da aka saba gani ba. Ga sheƙar a tsakiya, ga rufin, ga layukan tumatir, ga dangar da ta raba su da gidan maƙwabcinsu Kolyo, ga bayan akurkin kaji a kusurwar ƙasa ta hagu.

"Ashe har tsakar gidanku ake gani," in ji Malamar. "Ya ma fi kyau. Mutane za su ga yadda mahaifiyarki Radka ke gyara lambu."

Bilyana ta lura mahaifinta, wanda tun safe bakinsa bai huta ba, bai ce uffan ba. Ya raka Malamar har ƙofa cikin ladabi, ya dawo, ya zagaya gangar, ya ɗauki wani tsohon lauje ya duba shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Wannan kusurwar," ya ce da laujen. "Kullum take fitowa?"

"A kowane hoto."

"To. Ni a ganina ba ta da wani kyau. Akurki ne kawai."

Ta dube shi. Sannan ta juya ga allon ta fara wuce hotunan da sauri. Ba ta yi nisa ba ta same shi. Ga shi nan a kusurwa, ɗan ƙarami, da hularsa, ya jingina da tarin itace, wani siririn farin abu na tashi daga bakinsa. Ta wuce gaba. Ga shi da rigar sanyi, ƙanƙara ta rufe rufin akurkin. Ga shi cikin yayyafi, ya rufe kai da buhu.

Dariyar da ta fara taso mata ta koma. Abin da ya zo mata shi ne barandar asibitin da ta zauna a kakar bara, da kujerun roba masu sanyi, da mahaifiyarta riƙe da takalmansa a cinya don ba ta san inda za ta ajiye su ba. An buɗe masa jijiyar zuciya da ta toshe. Likita ta faɗa a gabansu duka cewa ko karan taba ɗaya bai halatta ba, shi kuma ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari.

"Ka yi rantsuwa, Baba."

"Na yi."

"A gabana. A gaban Mama."

"Yi magana a hankali mana." Ya waiwaya wajen gidan. Ya zauna a kan buhu, ya ajiye laujen a gwiwa. "Biyu ne kawai a rana, Bilyana. Da can fakiti biyu nake sha. Ki auna."

"Kana so in yaba maka ne?"

"Ba ma za ki iya yaba min ba, don ba da son raina ba ne." Ya matso da buhun, muryarsa ta yi ƙasa, sai ta ga wani haske ya shigo idonsa. "Saurara. Tunda na'urar nan ta ga komai, to ta ga ɓarawon."

"Wane ɓarawo?"

Sai ya ba ta labari. Ranar kasuwa yake sayo fakiti a birni. Ba ya barinsa a aljihu, don Radka ba ta wanke riga sai ta juye aljihunta. Akwai wani bulo mai rami a bayan akurki, nan ne kaɗai tagar kicin ba ta hangowa, nan yake ɓoyewa. Tun farkon hunturu, duk fakitin da ya ajiye, washegari sai ya tarar an kwashe an bar masa kara biyu. Ya shanye su. Gobe ya ɗaga bulon, ga wasu biyun an ajiye.

"Tabata, da na saya da hannuna, ake ba ni kamar sadaka," ya ce. "Wa zai yi wannan rainin hankalin in ba Kolyo ba? Dangarsa na nan manne. Tun muna yara haka yake, ya ɓoye maka takalmi ya taya ka nema."

"Ka tambaye shi?"

"Na ce masa, wasu mutane hannunsu ya fi dangarsu tsawo. Ya yi dariya ya ce shekaru sun fara taɓa min kai. Tun daga ranar ban sake ce masa ko sannu ba."

Yanzu ta gane dalilin da ya sa tun Kirsimeti ba ta ga Kawu Kolyo a teburinsu ba. Mutumin da tun da matarsa ta rasu, kusan kullum da yamma yana zaune ƙarƙashin inabinsu, suna buga kati da mahaifinta suna zagin gwamnati.

"Ba ka taɓa zargin Mama ba?"

Stamen ya yi tsaki. "Uwarki? Da ta sani, da tuni rufin gidan nan ya tashi har da shamuwoyin. Ke dai ki nemo min hotonsa, in kai masa har gida. Sannan ki yanke wannan kusurwar kafin Nevyana ta nuna ni ga likita da limami a babban allo."

Ya tashi ya tafi ba tumatir ruwa, ya bar ta da allon.

Ta fara da hotunan safiya. Ba ta sha wahala ba. Rana ba ta gama fitowa ba a hoton, raɓa na kan ganye, ga mace da jan ɗankwali da kwanon tsabar kaji a hannu. A hoto na gaba ta durƙusa a gaban bulon. A na bayansa ta miƙe tana dafe da ƙugu, hannu ɗaya a aljihun rigar girki. Bilyana ta duba wata safiyar, ta duba wata. Ɗankwalin na canzawa, durƙuson bai canza ba. Kolyo kuwa, sau ɗaya ta gan shi, a wancan gefen dangar, yana tsaye da kofi a hannu yana kallon ƙarƙashin inabinsu.

Ta rufe kwamfutar ta shiga gida.

Radka na murza ƙullin banitsa, burodin nan mai cuku a ciki, a kan tebur, gari har gwiwar hannu. Ba ta ɗago ba ta ce, "An gyara wutsiyar?"

"Saura kaɗan. Mama, kyamarar nan tana ganin bayan akurki."

Muciyar murzawar ta tsaya, sannan ta ci gaba. "Da wane ɗankwali na fito?"

"Mama."

"Tambaya na yi. In da wannan koren ne mai yagewa, ban yarda Nevyana ta gani ba."

Bilyana ta ja kujera ta zauna. "Kin sani tun hunturu, ba ki gaya min ba. Kullum in na kira sai ki ce yana nan lafiya, yana bin dokar likita."

"Yana nan lafiya. Rabin maganar gaskiya ce." Radka ta yayyafa cuku a kan ƙullin. "In na gaya miki me za ki yi? Ki bar aiki ki zo ki tsaya a bayan akurki?"

"Likita cewa ta yi ko ɗaya."

"Likita ba ta aure shi ba. Na gwada ko ɗaya. Watan farko na kama shi, na yi masa faɗan da har kare ya shige ƙarƙashin mota. Kin san abin da ya yi? Ya hau bas ya tafi birni, ya zauna a tasha ya shanye rabin fakiti, ya dawo fuskarsa kamar toka. Daren ban runtsa ba, ina sauraren numfashinsa." Ta naɗe ƙullin a hankali. "Ubanki in an hana shi abu a fili, sai ya yi shi sau goma. In yana ganin ɓoyewa yake yi, ya ci nasara a kaina, biyu sun ishe shi. Ranar da ya san na sani, kunya ta ƙare. A wannan teburin zai kunna, a gaban miyata."

Bilyana ta jingina da kujerar. A ofis in an kawo mata matsala, takan san ta inda za ta fara, ba kamar nan ba.

"To Kawu Kolyo fa? Shi ake zargi."

"Na sani."

"Kin sani kika bari?"

Radka ta ɗan yi murmushi, irin na wanda aka kama amma bai yi nadama sosai ba. "Wa yake kawo masa barasar inabi kwalba-kwalba? Tun da suka ɓata, ko ɗigo bai shiga gidan nan ba. Awon jininsa bai taɓa kyau kamar bana ba."

"Mama, mutumin nan shi kaɗai yake cin abinci."

Murmushin ya ɗauke. Radka ta jera naɗin ƙullin a faranti, ta gyara wanda bai buƙaci gyara ba. "Ina miƙa masa ta kan danga in ubanki ya tafi kasuwa," ta ce. "Ba ya tambayata komai. Ya karɓa ya ce na gode." Ta buɗe murhu ta tura farantin, ta tsaya tana kallon ƙofar murhun. "Ban ce na yi daidai a kan Kolyo ba. Amma kada ki gaya wa ubanki ni ce. In kin faɗa, ke za ki zauna a barandar asibitin nan gaba, ni na gaji da kujerunsu."

A wajen cin abincin rana Stamen ya yi ta yi wa 'yarsa alama da gira, ita kuma ta yi ta kallon kindirmon da ke gabanta. Radka ta tambaye shi ko wani abu ya shiga idonsa. Ya ce ƙurar sito ce.

Bayan sun gama ta koma kan gangarta. Aikin na'ura ya fi sauƙi, don haka ta fara da shi. Ta rubuta 'yan layuka da za su bi hotunan duka su yanke gefen hagu da ƙasa, su bar sheƙar da rufin da ɗan layin tumatir don Malama Nevyana ta samu lambun da take so. Na'urar ta ɗauki lokaci tana aikin, Bilyana na zaune tana jin kukan kaji. Da ta gama ta kwafe su a fulash, ta bi su da ido don ta tabbata babu hula ko ɗankwali da ya tsira.

Sannan ta buɗe tsohon rubutunta na bara. Ta gyara wurin yadda fayil zai rufe kansa da zarar an gama zuba hoton, ko an samu matsala ko ba a samu ba, kuma a share shi nan take. Ta cire layin nan da ke cewa a yi shiru in abu ya lalace, ta sa a riƙa aiko mata da saƙo. Ta gwada. Hoto ya shigo, ya zauna ɗan lokaci, ya tafi shafin, ya ɓace. Ta buɗe shafin ƙauye a wayarta, ga uwar shamuwa na ba 'ya'yanta abinci, fuskarta a gaba kamar mutuniyar kirki.

Saura tarin tsofaffin hotunan, manyan, masu kusurwa. Ta zaɓe su duka. Yatsanta na kan maɓallin ta ji takun mahaifinta.

"Kin same shi?" ya tambaya daga bakin ƙofa, yana goge hannu a wando.

Ta danna. Na'urar ta fara sharewa, wani ɗan layi na tafiya a allon daga hagu zuwa dama.

"Me kike yi?"

"Abin da ya kamata a yi tun bara. Na wucin gadi ne."

"Bilyana, shaidata ce kike gogewa."

"Baba, zauna." Ya ƙi zama, sai ta juyo ta fuskance shi. "Na duba safiya da yamma, hunturu da bazara. Kawu Kolyo bai taɓa tsallako dangar nan ba. Ko hannu bai miƙo ba. Wannan na gani da idona, kuma iyakar abin da zan gaya maka ke nan."

"To wa..."

"Iyakarsa ke nan."

 Ya dubi allon, ya dubi 'yarsa. Sannan a hankali ya juya ya leƙa ta ƙofar siton zuwa gidan, inda Radka ke shanya tsummokin kicin a igiya, ta riƙe maƙalai biyu a baki.

Wannan karon ya zauna a kan buhun ba tare da an ce masa ba. Ya cire hularsa ya juya ta a hannu.

"Ranar haihuwata," ya ce can, "uku na tarar."

Bilyana ta mayar da idonta kan allon.

"Na ce a raina, ashe ɓarawon nan yana da ɗan imani." Ya shafa ƙeya. "Kolyo ko ranar haihuwar kansa sai an tuna masa."

Ta zaci zai yi fushi, ta ma shirya abin da za ta ce. Sai ta ga kunnuwansa sun yi ja, yana ƙoƙarin danne wani abu a bakinsa da ba ta tantance ko dariya ba ce ko wani abin. Ya daɗe yana kallon igiyar shanyar.

"Da gwiwar nan tata," ya ce. "Bulon nan a ƙasa yake sosai."

"Sai ka daina, ta huta da durƙuso."

"Kin fara magana kamar likita." Ya mayar da hular kansa. "Zan ɗora shi a kan itace, ya ɗan yi sama. Sauran kuma... za a gani." Ya nuna ta da yatsa. "Ke kuma kada ki kuskura ki gaya mata na gane. In ta san na sani, ta zama dole ta yi faɗa, kuma in ta yi faɗa biyun ma sun tafi."

"Ni ban ce maka komai ba."

"Ba ki ce ba. Wannan karon kin rufe ƙofa."

Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya fita. Bilyana ta ɗauki akwatin za ta mayar saman katako, sai ta tuna babu mai riƙe mata tsani, ta ajiye ta leƙa waje. Bai nufi gida ba. Ya bi ta tsakanin layukan tumatir har bakin danga, ya tsaya ya sa hannu a baya. A wancan gefen Kolyo na zaune a kan kujera yana gyaran tiyo, bai ɗago ba. Stamen ya yi gyaran murya. Ya sake yi.

"Ashe kana raye," in ji Kolyo, idonsa a kan tiyon.

"Ina raye. Ba haka ake ɗaure tiyo ba."

"Tun sanyi nake ɗaure shi haka, ban ji wanda ya yi magana ba."

Stamen ya ɗan tsaya. Sannan ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya dafa ginshiƙi, ya tsallaka dangar.

"Kawo nan," ya ce. "Matsa min."